Katakon Yaya Haladu

Duk wanda ya san Yaya Haladu ya san katakonsa. Wasu da buta suke yawo, wasu da rediyo, shi kuwa guntun katako ne rataye a kafaɗarsa da igiyar rama. Ko gona za shi, ko kasuwar Ɗanbatta, ko gidan suna, yana nan yana lilo a gefen haƙarƙarinsa. Da ya sami wurin tsayawa sai ya ajiye shi a ƙasa, ya ɗora dugadugansa a kai, yatsun ƙafa na dafe da ƙasa, ya miƙe ƙirji kamar wanda za a ɗauka hoto, ya sauka a hankali har cinya ta haɗu da sha-raɓa, ya ɗan dakata, ya tashi. Ya sake sauka. Yana yi yana amsa gaisuwa, yana tambayar lafiyar iyali. Ku da kuka taso kuka tarar da shi da furfura kun ɗauka da haka aka haife shi. To ni Garba ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni ke bi masa, kuma a gabana abin ya fara.

Haƙar rijiya ce sana'arsa tun yana saurayi. A farkon shekarun farin nan, lokacin da hadari zai haɗu baƙi ƙirin mu ɗauko sungumi, iska ta zo ta watsa shi, aka kira shi yasar wata tsohuwar rijiya a wani ƙauye arewa da mu. Igiya ta tsinke yana tsakiyar sauka. A kan jaki aka kawo mana shi, ƙafar dama ta karye a idon sawu. Mai ɗorin garinmu ya yi aikinsa, ƙashi ya kama, amma idon sawun ya sandare, ya ƙi lanƙwasuwa. In Yaya ya zo tsugunawa sai ya tafi da baya ya zauna daɓas. Mai ɗori ya ce masa ya gode wa Allah da yake takawa, rijiya kuwa ya yi sallama da ita.

Gaskiyar mai ɗori ce. Gindin rijiya ba fili ba ne. A tsugune mutum yake wuni yana sara, a tsugune yake cika kwando, da ƙarfin cinya yake tashi. Wanda ba ya iya tsugunawa ba shi da abin yi a can. Yaya ya yi watanni a zaure yana hararar ƙafar kamar ita ta tsinke igiyar.

Wata safiya yana fitowa daga ɗaki, dugadugansa a kan dokin ƙofa, ya sunkuya zai ɗauki takalmi, sai ya ji ya sauka har ƙasa bai faɗi ba. Ya dafa bango ya tashi da ƙyar, ya sake gwadawa. Matarsa Hanne tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ce mini ta ɗauka iskokai ne suka taɓa shi, don ga mutum ya tare ƙofa yana sauka yana tashi yana dariya shi kaɗai. Da yake dokin ƙofa ba ya ɗaukuwa a yi yawo da shi, kafin azahar Yaya ya aro zarto ya yanke gindin ƙyauren ɗakin Hanne. Da ta yi magana ya ce ai iska za ta fi shiga. Iska ta shiga, kaji ma suka shiga, har akuya takan zo ta gwada sa'arta.

Tun daga ranar ba a sake ganinsa ba katako ba. Da fari sai da sanda yake tashi, gumi na zuba, cinyoyin na rawa. Daga baya ya jefar da sandar. Kuma ya mai da abin maganin kowace cuta. In ka ce masa bayanka na ciwo, ya ce a ɗaga dunduniya. In ka ce barci ba ya zuwa, a ɗaga dunduniya. Akwai wanda ya kawo masa kukan matarsa ta yi yaji, Yaya ya miƙa masa katakon ya ce ya fara da wannan, bikon zai fi sauƙi in da ƙafa.

Kuna tuna dagacinmu na wancan lokacin, Allah ya jiƙansa, tsoho mai haƙuri, idonsa ya yi rauni. Da aka ce an aiko da jar dawa ta agaji, ya tara magidanta a ƙofar gidansa don a san yadda za a raba. Yaya ya zo a makare, ya ajiye katako a gefen tabarmar dagaci, ya sauka ya yi gaisuwa, dagaci ya amsa. Maimakon ya nemi wuri ya zauna, sai ya tashi ya sake sauka. Dagaci ya katse maganarsa ya ce sannu Haladu. Ya ɗauko zancen dawa, sai ya ga inuwar mutum ta sake durƙusawa, ya ce yauwa Haladu, mun gaisa. Haka aka yi ta yi, dagaci na magana yana tsayawa yana amsawa, mu kuma muna cusa baki cikin riga. Da abin ya ishi tsohon sai ya juya gaba ɗaya.

"Haladu, in wani laifi ka yi mini, faɗe shi, na yafe. Ka bar ni in gama magana."

Yaya yana daga tsugune ya ce, "Ranka ya daɗe, ta farkon ce taka. Sauran nawa ne."

Rabon da a yi dariya irin wannan a garinmu tun kafin ruwa ya ɗauke.

Dawar agajin ba ta je ko'ina ba. Aka koma tuwo sau ɗaya a rana, wani lokaci na dusa, sai kwaɗon tafasa da rama. Hanne ta kasa jurewa. Ta ce masa kowane saukan nan da tashi loma ce yake ƙonawa a banza, alhali mutane suna kwanciya a inuwa don abin da suka ci ya daɗe a ciki. Ya ci gaba da abinsa. Rannan yana masallaci ta ɗauke katakon ta jefa cikin rumbu, tunda ba kowa ke leƙa rumbu ba a shekarar. Yaya ya dawo ya duba ko'ina, girman kai ya hana shi tambaya. Sai ya jawo taɓaryarta ya kwantar, ya ɗora dugadugai a kai. Ya sauka lafiya. Wajen tashi taɓarya ta murgina, ya tafi da baya ya faɗa kan akurkin kaji ya rusa shi. Hanne da kanta ta hau rumbu ta ɗauko masa katakon. Ta ce ƙyaure ya tafi, akurki ya tafi, ba ta son ganin abin da zai biyo baya.

Da yamma da aka kawo tuwo, ya raba nasa ya tura wa yara rabi. Ya ce mata in tuwon ne damuwarta ga shi nan, katakon dai nasa ne. Kuma haka ya ɗore, kullum sai ya tura rabin. Na ga wuyansa ya zama kamar na zakara, kumatu sun faɗa, amma cinyoyin sai cika suke kamar turmi. Ya fara rungumar ɗan dutsen niƙa a ƙirji yana sauka da shi. Da ya raina shi sai ya koma uwar dutsen, ya ce ai ba abin da ake niƙawa a kanta yanzu, gara ta yi wani amfanin.

Ni a lokacin na gama yanke shawarar kwashe iyalina in tafi Kano neman dako. Na same shi a zaure na gaya masa. Bai daina saukansa ba, ya ce to wa zai riƙe masa igiya? Na ce wace igiya kuma? Ya ce in je in dubi igiyar gugan gari in ga ƙullin da aka yi ta ƙarawa tun bara. Rijiyarmu tana tafiya, kuma ranar da ta tafi wani zai shiga ya bi ta. Na ce masa wannan wanin ba shi ba ne. Ya sauko daga kan katakon ya turo mini shi da ƙafa, ya ce wanda zai riƙe igiyarsa ba zai zama mai ƙafar kaza ba.

Wa ya isa ya yi gardama da Yaya? Na hau. Ya tsaya a kaina yana gyara ni: kada in duƙa kamar mai cire ciyawa, in buɗe gwiwa ta bi yatsun ƙafa, in sauka a hankali, ba faɗawa za a yi ba. A raina na ce wannan ai wasan yara ne, na yi ta yi don in nuna masa. Washegari a sallar azahar na zauna tahiya, liman ya miƙe, sahu ya miƙe, ni cinyoyina suka ce ba da su ba. Sai da na kama rigar na kusa da ni. Ana sallamewa Yaya ya leƙo daga ƙarshen sahu ya ce alhamdu lillahi, magani ya fara kamawa. Duk da haka na ci gaba da zuwa, don in ban je ba shi zai zo har gida da katakonsa, ya yi mini a gaban matata.

Abin da ya faɗa bai daɗe ba ya zo. Rijiya ɗaya gare mu, kakanninmu suka haƙa. Tafki ya riga ya ƙafe har ƙasansa ta tsattsage. Guga ya fara dawowa da laka, daga nan ya dawo a bushe. Aka koma kora jakuna zuwa wani gari mai nisa, su ma can suka fara ɗaure fuska, don tasu rijiyar ja take da baya. Gidaje suka fara rufewa, sai ka wayi gari ka ga an tare ƙofar maƙwabcinka da ƙaya. Ni ma na ɗaure kayana na jingine a ɗaki. Dagaci ya aika aka kira wasu mahaƙa daga nesa. Suka leƙa, suka jefa dutse suka saurara, suka ce bangon ya tsufa, daga ƙasa yana zubewa, ba za su shiga ba.

A nan bakin rijiyar Yaya ya ce shi zai shiga. Dagaci ya ce a'a, ƙishirwar da ake ciki ta isa, ba zai ƙara wa gari marayu ba, kuma kowa ya san ƙafar nan ba ƙafa ba ce. Yaya bai yi musu ba. Ya ajiye katakonsa. Kafin in ankara ya cusa kai tsakanin ƙafafuna ya saɓe ni a wuya, ni magidanci da gemuna, 'ya'yana na kallo. Ya taka ya hau katakon, ya sauka da ni har ƙasa, ya tashi, ya sake sauka. Na rasa abin kamawa na damƙe kunnuwansa, ina cewa Yaya don girman Allah. Dagaci ya tambaya me ake wa hayaniya, aka gaya masa. Sai ya ce, "To ku sauke Garba, ku kawo igiya."

Hanne ba ta yi kuka ba, ba ta kuma roƙe shi ya fasa ba. Ta sa aka kai mata igiyar cikin gida ta bi ta da hannu daga farko har ƙarshe, inda ta ga ta yi laushi ta sa aka yanke aka sake tufkewa. Da na zo ɗauka ta ce mini, "Garba, a hannunka na sa shi."

Muka gicciya gungumen itace a bakin rijiya, muka ɗora igiya a kai, ni a gaba, sauran maza a bayana. Ya ɗaure ta a kugu, ya rataya dagi da guntuwar fartanya da katakonsa, ya yi bismilla ya sauka har muka daina ganin hularsa. Kwana da kwanaki muna jan kwando. Jar ƙasa busasshiya ta fito, sannan marmara mai taurin tsiya, wadda in ya sara muna jin ƙarar daga sama. Masu ja suka fara raguwa, wasu yunwa ta kwantar da su, wasu sun fid da rai. In ya fito da la'asar ƙafar nan ta kumbura suntum, Hanne ta gasa masa da ɗan ruwan da aka samo, gari na wayewa ya riga kowa zuwa.

Wata rana da hantsi muka ji wani gurnani daga ƙasa, ƙura ta taso ta bakin rijiyar. Na kwanta rub da ciki ina kiransa, ba amsa. Na sake kira. Can sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa. Gefen bango ne ya zubo masa yana tsugune, ƙasa ta danne bayansa har kafaɗa. Mutane suka kama igiya za su fizga, ya ce kada mu ja, za mu karya shi.

"Garba, ni zan tashi. In na ce ja, ka ja. Taimako kawai za ka yi."

Muka tsaya muna jin nishinsa. Ban san iyakar lokacin da muka ɗauka a haka ba. Da ya ce ja, muka ja, igiya ta taho kaɗan, sai na bayana suka zame a kan tarin ƙasar da muka fitar, suka zube, nauyin duka ya dawo kaina. Na tokare ƙafa da gungumen na tafi ƙasa a tsugune, igiya na cin tafin hannuna, bakin rijiya na jawo ni. Ban san daga ina ƙarfin ya zo ba, ko in ce na sani. Na tura ƙasa na miƙe da shi, na riƙe har suka tashi suka kama.

Ya fito fari fat da ƙasa, jini na bin bayan kunnensa. Muka kwantar da shi a inuwa. Da ya sami numfashi abin da ya fara cewa shi ne katakonsa yana ƙasa. Na ce masa a bar katakon, a bar rijiyar, gobe mu kama hanyar Kano da shi da iyalinsa, na gaji. Ya ce ba zai bar kayansa a rami ba, gobe zai sauka ya ɗauko. Ya ƙara da cewa tunda zai sauka ɗin, ba laifi ya ɗan taɓa haƙa.

Dagaci ya ce ba mai sake shiga sai an tokare bangon. Muka ciro azara daga ɗakunan da masu su suka bar wa 'yan'uwa, muka zura masa, ya kakkafa. Ya tono katakonsa ya ci gaba. Ƙasar da ke fitowa ta fara canja launi, amma ba wanda ya yarda ya furta komai. Rannan bayan azahar na ji ya kira sunana, na leƙa na ce lafiya?

"Garba, katakona ya jiƙe."

Wallahi ban gane ba. Na ce to sai me, in ya fito ya shanya. Sai da mai unguwa da ke bayana ya saki igiya ya faɗi ya yi sujada a kan tarin ƙasa, sannan maganar ta shiga kaina. Gugan farko rabinsa laka ne. Aka kai wa dagaci ya tsoma hannu a ciki ya daɗe bai cire ba. Daga nan aka kai wa Hanne, ta bari ya kwanta, ta tace, ta ba yaran unguwa.

Ba zan ce muku wahala ta ƙare a ranar ba. Damina ta sake zuwa ta yi mana rowa, mun ci gaba da cin dusa. Amma mai ruwa a gari yana iya jira. Na kwance kayana. Wasu daga cikin waɗanda suka tafi suka dawo suka janye ƙaya daga ƙofofinsu. Yaya kuwa ya sami abin faɗa har ƙarshen ransa. Ya ci gaba da shiga rijiyoyi har sai da 'ya'yansa suka haɗa baki suka ɓoye dagin, kuma ko a lokacin bai yarda tsufa ne ba, cewa yake igiyoyin zamani ne ba su da aminci.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Abin da ya fi damunsa a ciki shi ne sallah a zaune, kullum sai ya yi mita. Ran da na je masa na ƙarshe na tarar ya rame ƙwarai, ya yafito ni na kai kunne, na ɗauka wasiyya ce a kan gona. Ya ce in an zo ɗaukarsa in tsaya da kaina in zaɓo masu ƙafa, hanyar maƙabarta akwai yashi, ba ya son a kayar da shi a gaban jama'a. Na yi dariya har hawaye ya zubo, shi ma ya yi murmushi, ya riƙe hannuna bai saki ba har barci ya ɗauke shi.

Ban sami damar zaɓen kowa ba. Mutane suka zo daga garuruwan da ban ma san ya taɓa yi musu aiki ba, kowa na son ya sa kafaɗa, da mutum ya ɗan taka sai wani ya karɓe shi. Ni da nake ƙanensa da ƙyar na sami gefen makara na taɓa.

Allah ya jiƙan Yaya Haladu, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwancinsa. Yadda ya shayar da mu a lokacin ƙishirwa, Allah ya shayar da shi daga Alkausara. Allah ya ba Hanne haƙurin rashinsa, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.